Idan ginshiƙi ɗaya ya tafi, me ke riƙe dekin na katako?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a sashen injiniyan gine-gine, ina shekarar ƙarshe. Ina yawan ganin hotunan dogayen benaye na katako a Turai da Kanada, wasu hawa 18 har da ɗoriya, kuma dekinsu duk allunan katako ne da aka manne da gam. A kankare mun san rodi ne ke ɗinke gini wuri guda. To a katako fa? Idan mota ta daki ginshiƙi ɗaya, ko tukunyar gas ta fashe ta cire bango, me zai hana dekin ya rufto kan na ƙasansa, shi ma ya rufto kan na ƙasansa, har a kai ƙasa? Katako ai karyewa yake yi farat ɗaya. Yaya ake lissafin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shakkarka tana kan hanya, domin katako yana da gautsi, kuma wanda ya manta da haka ya ɗauko lissafin ƙarfe ya ɗora masa, takarda ce kawai za ta nuna ginin na tsaye. Amma allon kansa ba kasafai yake zama matsalar ba. Abin da ke raba dekin da zai tsaya da wanda zai rufto shi ne yadda aka jera allunan a kan bim, wato gungumen da ke kwance tsakanin ginshiƙai, da irin mahaɗar da aka ɗaure su da ita.

Mu fara raba ƙarfi da juriya. Ƙarfi shi ne gini ya ɗauki nauyin da aka lissafa masa yana lafiya lau. Juriya kuwa ita ce ya rasa gaɓa ɗaya, ɓarnar ta tsaya daidai gwargwadon abin da ya jawo ta. Abin da ya sa injiniyoyi suka fara ɗaukar wannan da muhimmanci shi ne Ronan Point, bene mai hawa 22 a gabashin Landan. Da sanyin safiyar 16 ga Mayu, 1968, gas ya fashe a wani gida a hawa na 18. Fashewar ba ta da girma, matar da ta kunna ashanar ma ta rayu, amma ta tura bangon waje ya fita. Bangon nan shi ke ɗauke da na samansa, sai hawayen sama suka faɗo, nauyinsu ya bi kusurwar ginin yana karya ta hawa bayan hawa har ƙasa. Mutum huɗu suka mutu nan take. Abin lura a nan, ginin na kankare ne, amma kankaren da aka zuba a masana'anta aka kawo allo-allo aka jera, mahaɗarsa kuma ba ta da wani ɗauri na kirki. Benen katako na zamani haka ake gina shi, allo-allo, don haka ciwon Ronan Point nasa ne tun daga haihuwa sai an yi masa magani da gangan.

Allon da kake gani ana kiransa CLT. Falankai ne na itacen ƙasashen sanyi, galibi sifurus, da ake shimfiɗawa falle-falle, kowane falle ya gicciye na ƙasansa, a manne da gam a matse da inji. Yawanci falle 3, 5 ko 7 ne. Faɗin allo yakan kai kusan mita 3, tsawo kuma kusan mita 16, abin da babbar mota za ta iya ɗauka. Bim da ginshiƙi kuma gululam ne, wato falankai da aka manne duk suna kallon gefe guda. Katakon da aka fi amfani da shi a Turai, mai daraja C24, yana ɗaukar megafaskal 24 (ma'aunin matsi ne) a lanƙwasa, amma idan ka ja shi a gicciyen jijiyarsa, megafaskal 0.4 kacal. Bambancin ya kai ninki 60. Duk mai faskare ya san wannan ba tare da lissafi ba: gatari a bin jijiya yake shiga. Kusan duk mahaɗar katako da ta ci amana, ta wannan ƙofar ta bi.

Ƙa'idar Turai da ke magana kan haɗurra, EN 1991-1-7, ta kasa gine-gine gwargwadon abin da faɗuwarsu za ta jawo. Gidajen kwana da ofisoshi da ba su wuce hawa 4 ba, ɗaurin kwance, wato ɗaure bim da deki da juna ta yadda za su jure ja, ya wadatar. Daga nan zuwa hawa 15 ana son ɗaurin kwance da na tsaye, ko kuma a cire ginshiƙi ko bim ko yankin bango ɗaya-ɗaya a lissafi, a nuna ginin bai faɗi ba, kuma ɓarnar ba ta wuce kashi 15 cikin 100 na faɗin dekin ba, ko murabba'in mita 100, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu. Idan aka sami gaɓar da cire ta zai wuce wannan iyaka, sai a ɗauke ta a matsayin uwar gaɓa, a ƙera ta ta jure bugun kilonitan 34 a kowane murabba'in mita (kilonitan ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne). Sama da hawa 15 sai an zauna an yi nazarin haɗari na musamman. A Amurka, ma'aikatar tsaro tana da tata ƙa'idar, UFC 4-023-03, za mu dawo gare ta domin akwai sharaɗi ɗaya a cikinta da ya shafi katako kai tsaye.

Lissafi ya fi dogon bayani, don haka ga misali. Ɗauki ofis mai ginshiƙai kowace mita 6 ta kowane gefe. Dekin allon CLT ne mai kauri milimita 200, falle 5, kowane falle milimita 40. Nauyin allon kusan kilonitan 1 ne a murabba'in mita. Ƙara daɓen siminti na milimita 50, da silin, da wayoyi da bututu da bangayen raba ɗaki, mu ce jimilla kilonitan 3. Nauyin mutane da kaya a ofis mu ce 3, amma a lissafin haɗari rabi ake ɗauka, domin da wuya haɗari ya zo daidai ranar da ofis ya cika maƙil. Ke nan kilonitan 4.5 a murabba'in mita. Kowane ginshiƙi na tsakiya yana karɓar 4.5 sau 36, wato kilonitan 162 daga kowane hawa, kimanin tan 16.

Ƙa'idar ɗaurin kwance ta ce a ninka 0.8 da wannan nauyi da tazarar ɗauri da tsawonsa. A misalinmu ya ba da kusan kilonitan 130. Mutane da yawa a nan suke tsayawa: su nemi farantin ƙarfe da sukurori da za su ɗauki 130, su rufe fayil. Amma tambayi kanka me ɗaurin zai yi ranar da ginshiƙin ya tafi. Manufarsa bim biyu da suka rasa matokari su koma kamar igiyar shanya, su yi lako-lako su riƙe nauyin da ja. Duk wadda ta taɓa shanya bargo jiƙaƙƙe ta san igiya ba ta ɗaukar nauyi tana miƙe sambal, sai ta sauka, kuma gwargwadon ƙin saukarta gwargwadon yadda take fizgar ƙusar bango. Idan tsakiyar ta sauka da mita 1.2, wato kashi ɗaya cikin biyar na mita 6, jan da ke cikin bim zai zama ninki biyu da rabi na nauyin, kilonitan 405. Ko da gefe biyu sun raba shi, kowanne ya sami sama da 200. Idan kuwa santimita 30 kawai ta iya sauka, jan ya zama ninki goma, sama da kilonitan 1,600, kuma babu mahaɗar katako ta yau da kullum da za ta kusanci wannan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya. Kafin bim mai mita 6 ya sauka da mita 1.2 a gefe ɗaya, sai tsawonsa ya ƙaru da kusan santimita 12. Ƙarfe yana miƙewa, rodi a cikin kankare yana miƙewa. Katako ba ya yi, kafin ya miƙe ko da kashi 1 cikin 100 ya tsinke. Ke nan santimita 12 ɗin nan dole daga mahaɗa za su fito, kuma mahaɗar ta juya da kusan digiri 11 tana riƙe da jan. Wannan shi ne sharaɗin ƙa'idar Amurka da na ambata: ba a yarda ka lissafa bim da mahaɗarsa a matsayin ɗauri ba sai ka nuna za su iya ɗaukar jan suna juyawa radiyan 0.2, wato kusan digiri 11 ɗin nan. Irin mahaɗar nan ta alminiyam mai shiga kamar aljihun tebur, wadda magina ke so saboda saurin haɗawa da kyan gani, an ƙera ta ne don nauyin da ke danna ƙasa. Ba a yi ta don ja da juyawa mai yawa ba, kuma gwaje-gwajen cire ginshiƙi sun sha nuna tana rabuwa tun igiyar ba ta fara aiki ba. Birtaniya ta sassauta mafi ƙarancin ɗauri ga gine-gine marasa nauyi irin na katako, daga kilonitan 75 zuwa 15 a ciki da 7.5 a gefe. Wannan ya dace da ƙananan gidaje masu bangaye da yawa, amma kada ka ɗauka lasisi ne ga bene mai ginshiƙi da bim.

Shi ya sa a katako hanyar farko da ya kamata ka nema ita ce lanƙwasa, igiyar shanya ta zama ta biyu. A nan tsawon allon yake da amfani. Idan maimakon allo mai mita 6 ka sa mai mita 12 wanda ya haye bim uku, ranar da bim na tsakiya ya rasa ginshiƙi, allon zai koma gada mai mita 12. Ƙarfin lanƙwasa a tsakiyarsa shi ne 4.5 sau 12 sau 12 a raba da 8, wato kilonitan-mita 81 a kowace mita ta faɗi. A allonmu falle uku ne ke bin tsawo, biyun da suka gicciye ba a lissafa su a lanƙwasa, kuma idan ka yi lissafin za ka sami matsin kusan megafaskal 15. A yanayin haɗari ƙa'idar katako ta Turai ta yarda ka ninka 24 da 1.1 ba tare da ragin kariya ba, ke nan 26.4. Allon ya tsira, zai sauka da kimanin santimita 20, tayil zai farfashe, ƙofofi su ƙi buɗewa, amma mutane za su fita da ƙafafunsu. Dalilin wannan rarar shi ne ba ƙarfi ke yanke kaurin dekin katako ba tun farko, girgiza ce da lotsawa, shi ya sa allon yakan fi abin da nauyi ke bukata kauri.

Kada dai ka yi saurin murna. Ginshiƙin da mota ta daka ba a hankali yake janyewa ba, a ƙiftawar ido yake ɓacewa, dekin ya faɗo ya wuce inda zai tsaya kafin ya dawo. Ga abu mai gautsi wanda ba ya shanye bugu, lissafi mai sauƙi yana ninka nauyin sau biyu. Sai 15 ya koma sama da 30, ya haura 26.4. Na biyu, allo mai mita 12 dole ya ƙare a wani wuri. Idan duk allunan suka ƙare a kan layin bim guda, wannan layin ba shi da gada ko ɗaya, kuma ginshiƙinsa ne zai kashe ka. Maganin shi ne a saɓa su kamar jerin bulo, wannan ya ƙare a nan, maƙwabcinsa ya wuce. Amma da ka saɓa, rabin allunan ne kawai ke haye kowane layi, kuma su za su goya na kusa da su, nauyinsu ya kusa ninkawa. A nan ne za ka ga injiniya ya koma falle 7, ko ya rage tazarar ginshiƙai zuwa mita 5 domin allo ɗaya ya haye tazara uku. Duk wannan shawara ce ta ranar farko, lokacin zana jerin ginshiƙai. Bayan an yanka alluna a masana'anta, babu yawan sukurun da zai gyara jeri mara kyau.

Ginshiƙin gefe da na kusurwa sun fi na tsakiya haɗari, ga shi kuma su mota ke fara samu. A kusurwa babu igiyar shanya sam, domin babu abin da za a ɗaure ɗaya bakin. Abin da ya rage shi ne allon ya zama kantiliba, ya miƙo mita 6 ba matokari. Lissafin ya sake ba da 81, 4.5 sau 6 sau 6 a raba da 2, amma da ƙarin abu biyu. Bangon fuskar gini yana rataye a bakin allon, a daidai inda nauyi ya fi ciwo. Sannan ɗaya ƙarshen allon zai nemi ɗagawa kamar lilo. Idan ɗakin baya babu kowa a ciki, ɗagawar ta kai kilonitan 4.5 a kowace mita tun ba a sa nauyin bangon fuska ba, saboda haka sukurorin da ke can dole su iya riƙe ja zuwa sama. Mai sa sukuru don kawai allo kada ya motsa ba zai yi tunanin wannan ba.

Sai mahaɗar allo da allo a gefe. Uku aka saba: a fafe rabin kaurin kowanne su hau juna, ko a fafe sama a kwantar da tsirin filawud a bi da sukuru, ko a haɗa baki da baki a soka sukurori a gicciye. Dukkansu an yi su ne don dekin ya zama faranti ɗaya gaban iska da girgizar ƙasa. A lanƙwasa kusan maƙale suke kamar hinjin ƙofa. Ta hawa-juna tana da mugun hali ɗaya: idan allo ɗaya ya sauka ya danna leɓen ɗan'uwansa, tsaga na farawa daga kusurwar fafewar, ta bi gicciyen jijiya inda ƙarfin 0.4 ne. Ana tare wannan da dogon sukuru mai zare har kai, a soka shi a tsaye kusa da kusurwar ya ɗinke fallayen. Idan kana son ɗauri na gaske a dekin, sa tsirin ƙarfe a sama ya haye mahaɗar, ko kuma, in dekin na haɗin katako da kankare ne, ka tabbata ragar rodin da ke cikin kankaren ta zarce kan bim ba ta yanke ba, kuma an kama ta da allon. Daɓen siminti da aka zuba kan tabarmar hana ƙara ba ɗauri ba ne, nauyi ne kawai.

Game da sukuru, akwai abin da ke rikita sababbin injiniyoyi. Sukurun da aka soka a karkace, digiri 45, ya fi wanda aka soka a miƙe ƙarfi da tauri nesa ba kusa ba, kuma kasidar masu sayarwa za ta nuna maka haka. Amma idan ya kai iyakarsa, zarewa yake yi ko ya tsinke bayan 'yan milimita. Wanda aka soka a miƙe, nauyi na gicciye shi, lanƙwashewa yake yi yana nutsa cikin katako, yana iya tafiya santimita ɗaya ko biyu yana riƙe. Danƙon da gini ke bukata daga nan yake fitowa, daga ƙarfe siriri mai lanƙwashewa, shi ya sa sandunan ƙarfe sirara da yawa suka fi masu kauri kaɗan. Sharaɗin shi ne katakon kada ya tsage kafin ƙarfen ya lanƙwashe. Don haka ƙa'ida ta sa tazara: tsakanin sanda da sanda a bin jijiya aƙalla ninki 5 na kaurinta, daga sanda ta ƙarshe zuwa bakin katakon da ake ja aƙalla ninki 7 ko milimita 80, wanda ya fi yawa. Kuma ana ƙera ɓangaren katako ya fi ɓangaren ƙarfe ƙarfi da rata mai kyau, domin ƙarfe sau da yawa ya fi abin da aka rubuta masa ƙarfi, in ba a bar rata ba sai katakon ya riga shi karyewa. A gini mai juriya kai ne ke zaɓar abin da zai fara sallamawa.

Wurin zaman allo ma abin dubawa ne. Allon da ke zaune kan leɓen ƙarfe na santimita 5, bim na lotsawa zai zame ya faɗo ko da bai karye ba. Allo mai mita 3 da mita 6 ya kai tan 1.7, da daɓensa ya kusa tan 4. Ya fi kankare mai wannan girma sauƙi, wanda zai haura tan 8, kuma wannan rashin nauyi gata ne na gaske ga katako. Amma tan 4 daga tsayin mita 3 ba wasa ba ne. Masu zana Mjøstårnet a Brumunddal ta ƙasar Nowe, mai tsayin mita 85.4 da aka gama a 2019, sun lissafa cewa dekin zai iya karɓar bugun dekin katako da ya faɗo masa daga sama. A ganina duk mai zana bene mai tsawo ya kamata ya yi wannan lissafin, ko ƙa'ida ba ta tilasta masa ba, tunda ainihin tambayarka ke nan.

Ɗaurin tsaye shi ne ginshiƙin sama ya iya rataye dekin da ya rasa na ƙasa. Idan aka cire ginshiƙi a hawa na farko, duk hawayen da ke samansa sun rasa matokari lokaci guda. In kowane dekin zai iya goya kansa, nauyi ba ya taruwa, kuma wannan ya fi. In kuwa wani ya gaza, ginshiƙi ya zama igiyar da za ta miƙa nauyinsa sama, don haka mahaɗar ginshiƙi da ginshiƙi dole ta ɗauki ja, aƙalla daidai nauyin hawa ɗaya, wato 162 a misalinmu. A Brock Commons, ɗakin kwanan ɗalibai mai hawa 18 a Jami'ar British Columbia da ke Bankuba ta Kanada, wanda aka gama a 2017, babu bim ma: allunan falle 5 suna zaune kai tsaye kan ginshiƙai masu tazarar mita 2.85 da mita 4, ƙarfe ne ke ratsa dekin ya haɗa ginshiƙin sama da na ƙasa, ga kuma rumbun matakala da lif guda biyu na kankare. Ƙarfen nan yana hana ginshiƙi murƙushe allon, domin katako a gicciye megafaskal 2.5 kawai yake ɗauka, a bin jijiya kuwa 21.

Ginin da ke tsaye kan bangayen katako ya fi na ginshiƙi sauƙin sha'ani. Bangon CLT da ya rasa na ƙasansa yana zama bim mai zurfin hawa guda, kuma ɗakuna ƙanana suna ba nauyi hanyoyi da yawa. Haka aka yi a Stadthaus da ke Murray Grove a Landan, mai hawa 9, a 2009: alluna masu haye tazara biyu ko zama kantiliba, bangaye masu aikin bim, da ƙarafan kusurwa da sukurori na kasuwa. Tun kafin nan, a Cardington ta Ingila, an gina bene mai hawa 6 na firam ɗin katako a cikin wata tsohuwar rumfar jiragen balan-balan, aka cire masa bangaye masu ɗaukar nauyi da gangan, bai faɗi ba. Inda irin wannan gini ke samun rauni shi ne hawa na ƙasa, idan aka buɗe shi don shaguna aka ɗora bangaye da yawa kan bim ɗaya. Wannan bim ɗin uwar gaɓa ce, kuma ginin Murrah, ginin gwamnati a birnin Oklahoma na Amurka da bam ya rusa a 1995, ya nuna abin da ke faruwa idan irinsa ya tafi.

Akwai kuma inda ɗaure komai wuri guda ke zama illa, kuma rufin katako biyu ne suka koyar da haka. A Janairun 2003, a filin tseren keke na Siemens Arena da ke Ballerup a Denmak, manyan bim biyu cikin 12 na gululam, masu tsawon mita 73, suka faɗi ba iska ba dusar ƙanƙara, saboda kuskuren lissafi a kusa da mazauninsu. Kuskuren yana jikin dukkan 12 ɗin. Abin da ya ceci sauran shi ne da gangan aka yi wa sandunan da ke tsakaninsu ɗauri mai rauni, waɗanda suka faɗi ba su ja maƙwabtansu ba. A 2 ga Janairu, 2006, rufin filin wasan ƙanƙara na Bad Reichenhall a Jamus ya rufta ya kashe mutum 15, da yawansu yara. A can gam ɗin da aka yi amfani da shi ba ya jure danshi, shekaru sama da 30 raɓa tana cinsa a duk bim ɗin, kuma an ɗaure su da juna da tauri. Na farko da ya karye ya miƙa nauyinsa ga na kusa, wanda shi ma ya riga ya ruɓe, haka har rufin ya ƙare. Raba nauyi yana aiki ne idan rauni na wuri ɗaya ne, maƙwabta kuma lafiyayyu. Idan ciwon na gida ne gaba ɗaya, ɗauri shi ke yaɗa faɗuwar. A rufin babban zaure kana iya kasa shi yanki-yanki ka bar yanki ɗaya ya tafi. A dekin bene ba ka da wannan zaɓin sosai, tunda akwai mutane da wani dekin a ƙasa, don haka a can dole ka ɗaure, sannan ka toshe ƙofar kuskuren bai-ɗaya ta hanyar sa wani injiniya daban ya sake duba lissafin, da neman shaidar gwajin gam daga masana'anta. A 2018, ana cikin gina Peavy Hall a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka, wani yankin allon CLT ya ɓare ya faɗo saboda gam bai kama ba tun a masana'anta, kuma da aka bincika sai da aka canza wasu allunan da dama.

Ba mota da gas kaɗai ke cire gaɓa ba. Wuta tana cin irin wannan katako kimanin milimita 0.65 a minti, kusan santimita 4 a awa, wato falle guda cif na allonmu, kuma fallen ƙasa shi ne mai ɗaukar ja. Da ya ƙone, na bayansa a gicciye yake, ba ya taimakawa, sai ƙarfin ya faɗi da yawa a tashi ɗaya. Farantin ƙarfen da ke fili kuma yana laushi tun katakon bai yi nisa ba, shi ya sa ake binne shi cikin katako ko a rufe shi da allon jifsam. Ruwa ya fi wuta sanɗa: allon yana fitowa masana'anta da danshi kusan kashi 12 cikin 100, in ya daɗe sama da 20 ruɓa ta samu wuri, kuma ƙarƙashin banɗaki da bakin baranda ne ake fara ganinta, a daidai inda sukurori suke. Idan wata rana ka sami kanka kana aiki da irin wannan allo a arewacin Nijeriya ko Nijar, ƙara abu biyu a lissafinka. Gara tana son sifurus ƙwarai in ba a yi masa magani ba. Bushewar hunturu kuma tana sa gululam ya tsuke a gicciye, alhali farantin ƙarfen da aka soke shi da sanduna daga sama har ƙasa ba ya tsukewa, sai bim ya tsage a bin layin sandunan. Ana kauce wa wannan da tattara sandunan kusa da juna a tsayin bim, ko a yi wa farantin ramuka masu ɗan tsawo a layukan nesa, sannan a ɗinke bakin bim da dogayen sukurori masu zare har kai kafin a ɗora shi.